Ayoyi Goma da Pil Huɗu

Ibohamane, 3 ga Oktoba 1994

Zuwa ga Naomi ɗiyar ƙanena, a asibitin mishan. Gaisuwa mai yawa, ina gajiyar aiki? Haruna mai gadin furoje, aikin nan na raya karkara, ke rubutawa, amma bakina ne.

Shekara tara ke nan pasto na hana ni baftisma don na kasa riƙe ayoyi goma da ka. Ni da na san sunan kowace saniya a garken ubana, har da na uwarta. Sau uku na kai miki kuka, kinka yi shiru.

To, na samo magani. Ran da na zo wurinki na ga kin manna wa wani mutum waya biyu, kuran, wato lantarki, ya shiga, hannunsa da ya shanye ya zabura. Abin da ya tada hannu ai ya tada kai. Ki sa mini shi. Ruwan baraji, madatsar nan tamu, na ja baya, kuma cikinsa ake baftisma. In ya ƙafe sai baɗi, ni kuwa ba ni da alkawari da baɗi.

Babanki, Mato

*

14 ga Oktoba

Baba, ina gaisuwa da ladabi. Na'urar ta tsokar jiki ce, ba ta kai ba. Na tambayi likita, ya ce bai san wanda ya tabbatar lantarki na ƙara tunani ba. Don Allah kada ka taɓa wata waya. Ka huta lafiya.

Naomi

*

2 ga Nuwamba

Naomi, a gaishe ki. Likitanki bai san Mato ba. Na fidda pil huɗu, batir ke nan, daga rediyona, munka ɗaura musu waya, munka jiƙa tsumma da ruwan gishiri, na manna a goshi. Abin na tsikara kamar cizon kiyashi. Kullum da hantsi Haruna na riƙe wayar yana karanta mini aya, ina bi. Musulmi ne, ya ce lada ko zunubi ni zan ɗauka. Yanzu bakwai sun zauna daram! Jiya na zubo wa Kaltuma mai fura su duka, ta ce, "Tsoho, sai ka yi ta, kai ya zama rediyo." Sai na ji ki.

Mato

*

11 ga Nuwamba

Baba, na gaishe ka, na kuma yi murna har da hawaye. Amma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekara tara ba wanda ya taɓa zaunar da kai wuri guda ka saurara. Wayar ce ta zaunar da kai, Haruna ya yi sauran. Ka cire ta kafin ta ƙona maka goshi. Allah ya kai mu ranar.

Naomi

*

22 ga Nuwamba

Naomi, gaisuwa a tsaye. Goma sun cika. Pasto ya ce Lahadi zai ji ni, ruwan kuma ya rage iya ƙugu. Sai dai yau pil sunka mutu, tsikarar ta ɗauke, kuma babu kasuwa sai bayan Lahadi. Bar batun wa ya zaunar da wa. Ki shiga ofishin likitan nan, kada ki fito sai ya faɗa miki: in pil sun mutu, ayoyin na bin su, ko suna zama? Direban da ya kawo takardar nan zai juyo jibi. Wannan karon a ba ni amsa.

Mato