Amalanken da Ya Ɗaga Jaki

Zuwa ga Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Innar yara da jikin Baba? Mu nan unguwar Mahjar a ƙasa mai tsarki da sauƙi, sai dai barci ya ƙaurace mini. Ka yi haƙuri da rubutuna, da girma na koya.

Maganar ɗanka Habu ce, yaron wajena. Kafilinsa, wato ubangidansa mai gonar ciyawar barsim, ya ce ya samo ƙaramin amalanke na kwasar dammunan ciyawa, in ba haka ba wani zai ɗauka. Habu ya ɓalle katakon gadona, ya samo tsofaffin tayoyin mota, ya haɗa da kansa.

Ranar gwaji aka ɗaura wa jaki, aka loda dammuna, amalanken ya rinjaya baya, ya ɗaga jakin sama yana harbin iska. Ma'aikata suka yi ta dariya. Kafilin ya ce, "Ya Abubakar, yankan ciyawa mai zuwa in amalanken bai tafi ba, halas, aikinka ya ƙare." Yaya, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a hannun mutumin nan take. In aka kore shi jirgi za a saka shi, ni kuwa ba ni da kowa sai shi.

Kai kake ƙera amalanke tun muna yara. Habu ya ce kunya ba za ta bar shi ya tambaye ka ba. Don Allah ka auna naka da zare, ka ƙulla daidai inda ƙarfen tayoyi yake zama, ka ba mahajjacin farko da zai taso. Ban iya lissafi ba, amma zan gane ƙulli.

A sa mu a addu'a, a gaida Baba da yara.

Ƙanwarka,
Hajara