Jitar Nasser a Ɗakin Haihuwa

Zuwa ga ƙanwata Nafi, a Segedin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Yahaya da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da zafin can, ya sa aikin makarantar Malam Yahaya ya yi albarka. Mu nan Agadas muna nan yadda kika sani. Inna ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, amma har yanzu ƙafar ba ta barin ta tsayuwar salla. Na zaɓi in rubuto miki ta hannun direban da ke kawo muku kaya, don wayarku ta can sai mutum ya yi ta "kina ji na?" har maganar ta mutu a bakinsa, ni kuma abin da zan faɗa ba na ɗaga murya ba ne.

Ranar da kika kira ta'aziyyar ƙaninmu Nasser, kin nemi in ba ki matarsa Souwaiba na ƙi, kika yi fushi kika kashe. Ga dalili. Lokacin da labari ya iso cewa ramin zinariya ya rufta da shi a Tchibarakaten, har an yi masa sutura a can, Souwaiba tana cikin watanta, ga ciki na fari, ga ƙafafu sun kumbura, ga tansiyon, wato hawan jini, ta hau. Madam Fatouma, sajfam, wato ungozomar da ke yi mata awo a matarnite, asibitin haihuwa, ta riga ta gargaɗe mu cewa kada a tayar mata da hankali ko da faɗuwar kwano. Sai Kawu Alkasum ya yanke cewa a ɓoye mata har ta sauka. Aka yi zaman makoki a gidansa, aka kai Inna can da sunan jinyar ƙafa. Da aka zo batun wanda zai zauna da yarinya, duk idanu suka juyo kaina. Kin san ku, tun muna yara kuke cewa Ramata ba ta da hawaye kusa, to ranar aka ci amfanin abin. Na ɗauke wayarta na ce ta faɗa randa. Kusan mako biyu muna cin tuwo kwano ɗaya, tana ba ni labarin abin da zai sayo mata idan ya zo suna, ina cewa Allah ya kawo shi.

Naƙuda ta taso mata bayan sallar asuba, maƙwabcinmu ya kai mu da motarsa. Kin dai san yadda aka rene mu. Haihuwar fari ba a kuka, wadda ta yi raki har jikokinta sai sun ji labari. Souwaiba kuwa marainiya ce, ba ta son a ce 'yar da ba ta da uwa ta ba da kunya a gidan miji. Sai ta cusa bakin mayafi a baki ta cije, ta sandare kamar itace. Har hantsi ya ɗaga babu abin da ya ci gaba. Madam Fatouma ta auna ta, ta sake aunawa, na ga fuskarta ba ta yi mini daɗi ba. Ta ce irin wannan shirun ne ya fi ba ta tsoro a wurin 'yan fari, don tsoro yana ɗaure jiki, jiki ya ɗaure ciwo ya ƙaru, ita ungozoma kuma ba ta jin komai daga bakinsu balle ta san inda ake.

Sai ta ce za ta sa mata kiɗa. Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce mata mu addu'a muka sani a ɗakin haihuwa, kiɗa sai ranar suna. Ta ce in yi ta addu'ata babu mai hana ni, ita ma da ita ta fito gida. Wai a wani horo da suka yi a Yamai aka koya musu, kuma ta gwada a kan 'yan fari da dama. Ba ya cire ciwon, in ji ta, amma yana ba hankali wurin da zai riƙe, numfashi ya bi sautin ya daidaita, kafaɗu su sauka. Wasu karatu suke zaɓa, wasu yabon Manzo, wasu kiɗan tende na Buzaye, ita dai abin da mai naƙuda ta saba da shi take so. Ta duƙa ta tambayi Souwaiba me take son ji. Yarinyar ta zare mayafi daga baki ta ce da wayarta ba ta lalace ba, akwai kiɗan jitar Nasser a ciki, wadda ya turo mata daga can.

Madam Fatouma ta san komai, don da shawararta aka ɓoye. Ta ja ni waje ta ce ba dole, tana da wasu waƙoƙin a wayarta. Amma ta ce in sani, idan tansiyon ba ta sauka ba sai an kai ta babban asibiti an yi mata aiki, kuma ba ta so a kai ga haka da wannan kumburin. Ban yi dogon tunani ba. Na hau kabu-kabu na koma gida, na ciro wayar daga ƙasan kwallar da na ɓoye ta, na cire layin don kada wani saƙon gaisuwa ya shigo, na dawo na ce mai gyara ya tashe ta. Nafi, ƙarya ta zauna mini a baki a kwanakin nan har ba na neman ta, da kanta take fitowa.

Babu abin sa wa a kunne, sai aka ajiye wayar a kan matashi, kowa na ji. Kin tuna yadda yake kaɗa jita a bukukuwan unguwa kafin zinariya ta ɗauke masa hankali, har Inna ta ce ta haifi maroƙi? To haka, sai dai a hankali, ana jin iska da ƙarar inji a bayansa. A tsakiya tsirkiya ta kuɓuce masa ya yi dariya ya ce bari ya sake. A ƙarshe kuma ya yi magana, ya ce: "In an sauka lahiya a kira ni, ko ina cikin rami a aiko a hiddo ni." Daga nan sai abin ya tsaya, sai an danna ya koma farko. Hannun Souwaiba yana riƙe da ƙarfen gado, na Madam Fatouma yana kan aiki, don haka ni ce mai dannawa.

Gaskiya abin ya yi aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Na ga muƙamuƙinta ya saki. Madam Fatouma tana buga mata cinya a hankali daidai da kiɗan, tana cewa ja numfashi nan, sake shi nan. Can sai Souwaiba ta fara bin jitar da hanci, ƙasa-ƙasa. Da ciwon ya taso sai muryar ta yi kauri ta yi tsawo, da ya lafa ta koma siririya. Nishi ne, kowa ya san nishi ne, amma tunda yana bin waƙa babu mai ce masa raki. Madam Fatouma ma da shi take gane inda aka kai, ta daina yawan dubawa.

Ni kuwa ina zaune ina jiran in ji wani abu. Ƙanina yana dariya a kan matashi, yana cewa a fiddo shi daga rami, ya gama in danna ya sake faɗa. Na ce yanzu zuciyata za ta fashe, yanzu zan ruga waje. Shiru. Abin da na lura da shi kawai shi ne fankar ɗakin tana da fiffike ɗaya a lanƙwashe, kuma ina jin yunwa. Har na tuna ban kwashe shanya ba. Ban san sau nawa na danna ba, na dai san azahar ta wuce ni a wurin.

Kafin la'asar ta sauka, namiji, lafiyayye, ba a yanka ta ba, jini ma bai yi yawa ba. Da aka ɗora mata shi a ƙirji ta juyo tana haki tana murmushi ta ce: "Yaya, kira shi. Ya ce a kira shi." Na ce mata babu rezo a can tun jiya, waya ba ta shiga. Ta ce to a gwada gobe.

Ba mu iya kai wa suna da ɓoyon ba, tunda sunan ubansa za a sa masa. Da Madam Fatouma ta tabbatar tansiyon ta sauka, Kawu Alkasum ya zo gida, aka dawo da Inna, ya zauna bakin ƙofar ɗakin jego ya faɗa mata. Ba ta yi ihu ba. Ta tambayi ranar da abin ya faru, aka faɗa. Na ga tana lissafi a ranta, ta dubi hannunta, don a cikin kwanakin nan ne ta roƙe ni na ƙunsa mata lalle saboda zuwansa, na ƙunsa mata, har turare na turara mata. Ta daɗe tana kallon hannun. Sai ta ce a kawo mata kayan takaba ta shiga.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce ai babu sauran takaba a kanta. Mai ciki takabarta haihuwa ce, tun ranar da ya rasu ta fara, kuma ta ƙare lokacin da yaron ya faɗo. Ya faɗi haka ne don ya sauƙaƙa mata, har ya ƙara da cewa Allah ya yi mata rahama, ya ɗauke mata zaman wata huɗu da kwana goma. Wallahi a cikinmu babu wanda ya yi wannan tunanin lokacin da muke shawarar ɓoyewa, mu dai ta sauka lafiya muke nema. Souwaiba ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina ta ce: "Wato na yi mishi takaba ina dariya, na gama ina jin waƙa. Ko kwana guda ba ku bar mini ba."

Yaron ya motsa, ta juya ta ba shi nono.

An yi suna ba taro. Tana wankan jego, ni ke dafa mata ruwa, tana yi mini sannu, tana cewa na gode Yaya, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ba ta ƙara ba ni labarin komai ba, kuma idan na shiga da kwano sai ta ce in ajiye za ta ci an jima. Na sha tambayar kaina ko da an sake zan yi daban, na ga ba zan yi ba. Ga ta da rai, ga yaro da rai. Abin da ban sani ba shi ne ko hakan ya isa, kuma ko da na tambayi zuciyata ba ta ce mini komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Har yau ban yi wa Nasser kuka ba.

Abin da nake roƙonki shi ne ki kira ta, na mayar mata da layinta. Ko wayar za ta yanke sau goma ki sake kira. Ki yi mata ta'aziyya sosai, irin wadda ake yi wa matar da mijinta ya rasu yau, kada ki fara da barka. Duk gidan nan babu fuskar da ba ta yi mata murmushin ƙarya ba, ke kaɗai ce ba ki ciki.

Ki gaishe da Malam Yahaya, ki shafa mini kan Balki da Shamsu. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka, Kawu Alkasum ma ya ce a gaishe ku. Ban sa gaisuwar Souwaiba ba, don ba ta ba ni ba, kuma na gaji da faɗin abin da ba a faɗa ba. Allah ya jiƙan Nasser, ya raya abin da ya bari, ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Ramata