Waƙar Nafi a Ƙofar Kumandan

Dogo-Dogo, damina, 1938

Zuwa ga Kawu Ɗantsoho, mai bishara a Magariya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Matata Aisa tana gaishe ka.

Kawu, fatake sun kawo mini wani labari, tun ranar abinci ba ya shiga bakina. Wai ran bikin Faransi ka jera yaran ikilisiya a ƙofar Kumandan, Baturen mulki, suka rera waƙata, an cire sunan Yesu an sa "Kumandan mai jinƙai".

Ka san inda waƙar nan ta fito. A bakin kabarin 'yata Nafi na yi ta, kana tsaye. Kuma kai ne ka hana ni shiga sujada da gangata lokacin da na bi Almasihu. Ka ce gangar da ta yi wa manoma kirari ba ta dace da gaban Allah ba. Na rataye ta, ban yi gardama ba, har gara ta cinye ta. To gangata ce ba ta da ladabi, ko wannan da ka yi?

Ka gaya mini ƙarya suke.

Ɗanka,
Tamu

*

Magariya

Zuwa ga ɗana Tamu,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Na ga takardarka, na kuma ga rashin kunyar da ke cikinta.

Ba ƙarya suke ba. Kai kana gonarka, ni ne nake tsayawa a rana gaban biro, ofishin Kumandan, tafinta yana korata kamar akuya. Shekara da shekaru muna sujada a zaure, ruwa yana zubo mana, an hana mu takardar gina ɗakin addu'a. Mutumin nan yana son waƙa. Da yaran suka gama ya yi dariya, ya ce in dawo bayan girbi.

Kalma ɗaya aka sauya, rana ɗaya. Allah yana ganin zuciya. Kuma waƙar da ka ba ikilisiya ta fita hannunka, kada ka riƙa cewa "waƙata" kamar maroƙi. Idan an yi gini, a ciki za a rera ta yadda ka yi ta.

Ka gai da Aisa. Ka kuma koyi yi wa manya magana.

Kawunka,
Ɗantsoho

*

Dogo-Dogo, kaka

Kawu,

Ina gaisuwa, don an haife ni in gaishe ka. Ban amsa da wuri ba saboda ba na gida. An kwashe mu aikin dole a hanyar Waca, gerona yana tsaye a gona.

Rana ɗaya ka ce. To ka ji abin da rana ɗayan ta haifa. Gardin da ke kanmu, wato ɗan sandan Kumandan, yana wurin bikin nan, waƙar ta shige shi. Da ita yake sa mu ɗaukar ƙasa. Shi ya bayar, mu mu amsa, bulala a hannunsa. Wani dattijo, Tanko, ya faɗi da kwando a ka, gardi ya ce kada waƙa ta tsaya. Muka tsallake shi muna cewa "mai jinƙai". Na rufe bakina, aka zane ni. Gardin ya ce, "Kai ba ka iya ba ne? Buɗe baki in koya maka!"

Ni, Kawu. Ni zai koya wa.

Aisa ta kawo mini fura a bakin hanya, ta ji. Ajiye ƙwaryar ta yi ta juya. Da waƙar nan take yin barci tun da muka binne yarinyar nan. Yanzu ko na ɗaga ta a ɗaki, fita take.

Ka ce ta fita hannuna. Gaskiya ne, na ba da ita. Amma ba kai na ba ba, balle Kumandan. Wanda na miƙa wa 'yata, shi na miƙa wa waƙar. Ka ɗauki abin da ke kan bagadensa na hadaya ka kai kasuwa.

Ka gina ɗakinka. Kada ka aiko a kira ni ran buɗewa.

Ka huta lafiya,
Tamu

*

Magariya, rani

Ɗana Tamu,

Ina gaishe ka, kai da Aisa. Yaya bayanka?

Takardar izini ta fito, an yi gini. Ran Lahadi muka shiga. Na ɗaga waƙar da kalmominta na gaskiya, amma da aka zo wurin sunan, yaran duka suka ce "Kumandan". Bakinsu ya saba. Wasu a baya suka yi dariya. Na tsayar da waƙar, muka ƙarasa sujada ba rerawa.

Na hana a sake rera ta. Ga ɗaki, ga rufi ba ya yoyo, ban san abin da zan ɗaga ran Lahadi mai zuwa ba.

Ba kiranka nake ba, ka riga ka hana. Sanar da kai nake.

Kawunka,
Ɗantsoho