Cokalinka a Cikin Fanka

Yaya,

Ka ci sa'a na fita aiki kana barci. Da asuba wayata ta dinga ƙara: manhajar da ke sa ido kan sabarmu, wato kwamfutar nan ta ɗakin ajiya, ta nuna fankarta ta tsaya cak, zafi ya haura digiri casa'in. Na shiga da gudu, sai ga cokalin shayinka maƙale cikin fankar! Wato ƙararta ce ta dame ka? Haba Yaya! Duk hotunan marigayi Baba a injin nan suke, saura ƙiris mu rasa su.

Na kashe shi ya huce. Kada ka kunna.

Ni ma minsharinka yana hana ni barci, amma ban taɓa cusa maka cokali a hanci ba.

Ƙanwarka