Rasuwar Dakta Safiyatu Dalhatu, Mai Na'urar Gano Iskar Amoniya

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Masana'antun Ƙanƙara ta Gusau, Tsafe da Bungudu, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Abdulsalami Umaru, ta samu labarin rasuwar Hajiya Dakta Safiyatu Dalhatu 'Yankuzo, masaniyar kimiyyar sinadarai, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Laraba a Gusau, bayan jinyar wata bakwai.

Duk mai sana'armu ya san iskar amoniya da injinanmu ke daskarar da ruwa da ita, ya kuma san cewa idan ta yi yoyo takan ƙone ido ta shaƙe numfashi. Shekara shida marigayiya ta yi tana sarrafa sinadarin zinki oksayid zuwa ƙwayoyin da ido ba ya iya gani, tana shafa su a ɗan farantin da bai kai farce girma ba, wanda da iskar ta taɓa shi sai wutar lantarkin da ke ratsa shi ta sauya, ƙararrawa ta kaɗa. Da ƙafarta ta zagaya masana'antunmu tana kafa na'urar, duk da cewa da yawanmu mun yi mata kallon mai ɓata lokaci.

Ranar Litinin da ta gabata, bututu ya tsage a bayan ɗakin injin wata masana'anta a Bungudu. Ƙararrawar ta kaɗa tun warin bai kai ga ma'aikata ba, mutum goma sha bakwai suka fita lafiya, aka rufe bututun. Mun gode wa Allah da Shugabanmu ya samu kai mata wannan albishir a gadon asibiti tana cikin hayyacinta. Sau biyu ta tambaya ko an ƙirga kowa, da aka tabbatar mata, ta yi hamdala.

Hankalinmu ya ƙara kwanciya da iyalinta suka sanar da mu cewa ta rubuta yadda ake haɗa na'urar dalla-dalla, ta kuma yi wasiyya kada a ɓoye wa kowa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Malam Tajuddeen Sabiru, da 'ya'yanta, Haidar da Muzdalifa, da ɗaukacin al'ummar 'Yankuzo. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya sa rayukan nan goma sha bakwai su zame mata sadaka mai gudana. Amin.

Sa hannu:
Alhaji Faruk Mubarak Tsafe
Sakataren Yaɗa Labarai