Akwatin Baba Soja ya sha fenti

Daren Laraba, 9 ga Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Wata uku ina neman mai fassara mani rubutun da ke jikin akwatin harsashin da kakanmu Baba Soja ya taho da shi daga yaƙin Bama. Jiya wani tsohon soja a Sama Road ya ce in kawo hoto. Ya ce in akwai alamar kibiya, kayan sojan Ingila ne. Rawayen rubutun kuma zai nuna shekara da irin harsashin, ko na tankar yaƙi ne ko na bindigar fasa ta.

Yau na tafi gidanmu a Ƙofar Marke. Na iske akwatin a zaure, kore shar, yana ƙyalli. Yaya Bello ya sa an kankare shi tas an shafa fenti, wai irin gero zai zuba.

Na ce, "Yaya, rubutun fa?"

Ya ce, "Wane rubutu? Datti munka fidda. Ai godiya ya kamata ka yi."

Shekara tamanin tsatsa ba ta cinye rubutun nan ba, Yaya ya gama da shi a yini ɗaya. Ni kuma da aka kai boko, ko a takarda ban taɓa kwafe shi ba.