Numfashin Hafsatu

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Allah ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba inda za ta je. Ko kina raye ma sai na karanta miki ita da bakina. Amma ɗakin ya yi mini faɗi, kuma duk wanda na buɗe wa cikina a Haɗeja sai ya ce in yi haƙuri. Na gaji da jin kalmar nan.

Labarin gida tukuna. Ciyawar kachalla ta ƙara toshe kogi, ruwa ya hau gonarki ta fadama, shinkafar bana da ƙyar muka tsira da rabi. Ina nan ina gyaran injin ban ruwa. Hafsatu, matar da kika nemo mini, ta haihu. Mace ce, sunanki aka sa mata, Ummi ake ce da ita.

Da yake haihuwar fari ce, iyayenta suka tafi da ita Miga wankan jego. Kin san abin: tafasasshen ruwa safe da yamma, gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, kunun kanwa kwano bayan kwano. Da na je ganinta, Inna, ƙafafunta sun yi suntum. Gaisuwa kawai ta yi mini sai da ta huta a tsakiya. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci, ta jingina da bango. Na tambaya, aka ce sanyi ne ya shige ta, maganinsa a ƙara wuta a ƙara kanwa.

Ni kuwa duk takardar da aka ba ta wurin awon ciki na karanta, da wannan karatun nawa da na koya a jikin kwalayen injin. Mai jego ta kumbura tana haki, asibiti ake kai ta. Na faɗa, aka yi mini kallon mahaukaci. Wai ni, miji a haihuwar fari, ina kunyata? Ko yarinyar ma bai kamata in ɗauka a gaban mutane ba. Sai bakin nan nawa da kika sani ya kwance. A tsakar gida na tambayi surukata ko jira take 'yarta ta mutu a tabbatar ta iya wanka. Aka nuna mini ƙofa.

Wa zan aika? Wannan magana ce ta uwa da uwa. Da kina nan, mayafi kawai za ki ɗauka ki hau mota, ku shige ɗaki ke da ita, ki fito da Hafsatu ba wanda ya ji kanku. Ni ba ni da ke. Sai na koma washegari, na cire takalmi, na durƙusa a zauren babanta, rana ta ɗaga har aka kira azahar. Ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Kin taɓa ganina haka? Ya shiga ciki ya saurari numfashinta da kunnensa, ya fito ya ce in nemo mota.

Yanzu tana kwance a asibiti nan Haɗeja. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru mata a jiki. An hana kanwa, an rage gishiri, an hana wutar nan. Ummi tana shan nononta, an ce kada a haɗa mata da ruwa. Surukata ce ke jinya. In na shiga, sai ta juya fuska bango. In na fito, gida ba kowa sai injinan mutane.

Akwai abin da ke cina, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina ta cewa da kina nan, da kina nan. To, da kina nan ɗin, bayan wa za ki bi? Ke ma kanwar kika sha a jegona. Wataƙila ma ke za ki riƙe ludayin, ki ce in rufe miki baki, yaron zamani. Da mun yi faɗa sosai, Inna. Wallahi na fi son faɗan nan da wannan shirun.

Jiya Hafsatu ta kwanta a bayanta ta yi barci, barci na gaske, baki a buɗe. Na tsaya a ƙofa ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ummi ta motsa za ta yi kuka ta tashe ta, sai na ɗauke ta a gaban kowa. Surukata ta kalle ni, ta gyara mini hannu a ƙarƙashin kan yarinyar.

Likita bai ce mun tsallake ba tukuna. Sai wata rana, Inna. Allah ya kai haske kabarinki.

Ɗanki mai baki,
Sabo